Ni na cire Kawu Seyni daga ekip

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaure takalmi zan tafi buro, wurin aikina, waya ta yi ƙara. Inna Hadiza ce, matar Kawu Seyni. Ba ta taɓa kira na ba, ban ma san tana da lambata ba. Ta ce, "Nasiru, Kawunka ya cika da asuba."

Na ce, wane kawu?

Wallahi haka na ce mata. Na san muryarta sarai, na san wanda take nufi, amma bakina ya ce wane kawu.

Yanzu na dawo daga makabarta, ko ƙafa ban wanke ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun can, in ban faɗe ta yau ba na san halina, gobe zan samo dalilin yin shiru. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Kawu Seyni ba ɗan'uwana na jini ba ne. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ɗan Gaya, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kotonu da Yamai. Ni kuma yaron transiter ne, aikina yawo da takardun mutane daga wannan tebur zuwa wancan a duwan, wato kwastan. A nan muka haɗu. Takardunsa sun maƙale, motarsa na parki, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, shayi na kan gawayi, waya a kwance cikin hannu biyu, yana ta danne-danne.

Na leƙa na ga wasa yake yi. Na ce, "Haba Kawu, da furfurarka?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Takarduna sun fito?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To zauna. Ka ga ni ma ban fito ba."

Wannan wasan da muke ce wa wasan kufai, wurinsa na fara ganinsa. Ana nuna duniya bayan yaƙi ya ƙone komai, garuruwa sun zama kango, ruwa ya gurɓace, dabbobi sun rikiɗe. Kana farkawa cikin wani rami a ƙarƙashin ƙasa, daga kai sai tsumman jikinka da guntun bututun ƙarfe. Ka fito, ka nemi abin sha, ka tsinci tarkace, ka gina wurin kwana, ka yi ta ƙananan misiyo, ayyukan da wasan ke ba ka, har nivonka, wato matakinka, ya hau. Kuma ba kai kaɗai ba ne a ciki, mutane ne na gaske daga ko'ina, wani ya taimake ka, wani ya kwashe maka kaya ya bar ka a nan.

Shi ya sa mini shi a waya, da forfe ɗinsa na intanet. Ya san wani gindin dogon yaro kusa da kogi inda waya ke kama reson Benin in namu ya yi gardama, can ya ja ni muka zauna har abin ya sauka.

Ranar farko kunya kawai na sha. Ina fitowa daga rami na hango wani kare kamar maraƙi, na ce bari in gwada bututuna. Ko bugu biyu ban yi ba ya gama da ni. Na sake fitowa, ƙishi ya kama mutumin nawa, na ga kududdufi kore shar na kafa kai. Nan ma na tafi. Karo na gaba na ce yanzu na yi wayo, duk abin da na gani sai na ɗauka, tsohuwar taya, gwangwani, ƙofar mota, har mutumin nawa ya kasa gudu yana jan ƙafa.

Kawu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗana, wannan lodin ko a duwan sai an sauke ka."

Sai na ga wani ya tsaya gabana cikin wasan, sanye da tsohon bargo, sunansa a sama: Mai Ruwa. Ya ajiye mini gora. Na juyo na dubi Kawu, yana kusa da ni a kan tabarma. Ya ce, "Sha, ba sayarwa nake ba."

Duk wanda Kawu ya taɓa tarba a bakin ramin nan ya san wannan magana. In kana cikinsu ka rubuta a ƙasan wannan rubutu, ina son iyalinsa su ga yawanku.

Komai da hankalin direba ya koya mini shi. Kafin ka fita, duba ruwanka, duba makaminka, duba hanyar dawowa. Kada ka taɓa abin da ya fi ka girma don kawai ka gan shi. Abin da ya lalace a gyara, ba a yarwa. Ka kafa sansani kusa da ruwa, amma ba kan hanyar da kowa ke bi ba. Ƙananan misiyon nan da nake rainawa, kai wa wata tsohuwa magani, nemo wa wani ɓataccen jaki, ya ce su ne ke ciyar da mutum, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Makin da ake samu in an hau nivo, ni duk a ƙarfi da harbi nake zubawa. Shi nasa a magani da gini yake sawa. Na ce Kawu, haka ba za ka taɓa kashe wani abin kirki ba. Ya ce ai masu kisa sun yi yawa a ciki.

Doka guda gare shi. A wasan, in aka buge ka ba nan take kake mutuwa ba, kana kwance na ɗan lokaci, in ɗan ekip ɗinku, wato ƙungiyar da kuke wasa tare, ya iso zai iya tada ka. Kawu ya ce, "Ba a barin mutum a kwance." Ya ce a hanyar Kotonu in ka ga motar ɗan'uwanka ta mutu a daji ka wuce, to ka san ranarka na nan tafe.

Ba a wasa kaɗai ba ne. Lokacin da babana ya kwanta, Kawu ne ya zo da kifi daga bakin kogi, ya zauna yana yi masa hirar hanya da yaren Dendi har tsoho ya yi dariya. In ya dawo tafiya sai ya aiko wa mahaifiyata da abarba. Ran da patron, maigidana a wurin aiki, ya zage ni gaban mutane na fito ina huci zan ajiye aiki, shi ya riƙe mini hannu ya ce, "Kala suru," sai haƙuri, ya zuba mini shayi na farko, mai ɗacin nan, ya ce in shanye kafin in yanke shawara. Har yau ina wurin aikin.

Da aka rufe gadar iyakarmu da Benin kowa ya san yadda garin nan ya koma. Motar Kawu ta tsaya, ni ma buro sai zaman hamma. Na duƙufa kan wasa kamar an aiko ni. Na wuce nivonsa, na ninka shi. Shi yana nan inda yake, don kullum in an shiga sai ka same shi a bakin rami yana rakiyar wani sabo. Ya kafa ekip ɗinmu da hannunsa, ya gina sansanin, ya haƙa rijiyar da ke tsakiya, wadda har yanzu in ka matsa kusa da ita sunan wanda ya gina ke fitowa. Wata rana a fada, inda muke zaman shayi, ya miƙo mini shugabancin. Ya ce, "Ƙananan rubutun nan sun daina yi mini biyayya. Riƙe, kai ne shef."

Na karɓa da murna. Ban tambayi me ya sami idon ba.

To, ga inda na ɓata.

Akwai wani babban misiyo, ƙwato madatsar ruwa. Sai ekip duka ta shiga tare, kuma da lokaci ake yi, in ya ƙare kafin a kai ga ɗakin injin an faɗi, a sake daga farko. Mun yi ta gwadawa muna faɗuwa. Ran nan, bayan la'asar, muka kai bakin ƙofar ɗakin injin, abin da ba mu taɓa yi ba. Ana buƙatar kowa ya tsaya a wurinsa. Na duba, babu Mai Ruwa. Ashe wani ya faɗi can baya wajen matakala, Kawu ya juya ya koma ɗauko shi, yana ta karo da bango don ba ya gani sosai.

Lokaci ya ƙare.

Na ɗauki waya na yi vokal, saƙon murya, a gurup ɗin ekip, gaban kowa. Ba zan maimaita duka ba. Na ce wannan ba gidan likita ba ne. Na ce wanda hannunsa ya yi nauyi ya koma ya yi dara a gindin bishiya. Mutumin da ya haife ni a shekaru. Wasu suka sa alamar dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Kawu ya amsa da vokal gajere. Ya ce, "Shef, a yi haƙuri. Na ga yaron a kwance ne."

Gurbin ekip a ƙidaye yake, ba a wuce adadi. Na ce wa kaina ai don ci gaban kowa ne, in mun ci madatsa sai in maido shi. Na shiga, na danna sunansa, wasan ya tambaye ni ko na tabbata. Har tambayata ya yi, jama'a. Na ce e.

Ban kira shi ba. Ban je gidansa ba, gidan da in na taka moto ban isa in ce ya yi nisa ba. Ya buɗe wasa ne kawai ya tarar ƙofar sansanin da ya gina ba ta buɗe masa.

Cikin satin nan wani ya nemi shiga, Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malaman boko, malamin lakwal a Yelu. Nivonsa mai kyau, ya iya harbi, ga natsuwa. Na ce Allah ya kawo mana. Na ba shi gurbin Kawu. Da shi muka ci madatsar, muka yi ta ihu a gurup kamar mun ci kofin duniya.

Maido da Kawu kuwa, kullum sai in ce gobe. Gaskiyar magana kunyar haɗa ido da shi nake ji, kuma wanda zan cire don in sa shi ban gan shi ba.

Ganinmu na ƙarshe a bakin kogi ne, inda ake lodin jirage zuwa Malanbil, tsallaken Benin. Tun da motarsa ta tsaya can yake samun na cefane, yana tsaya wa wani ɗan kasuwa kan buhunan albasa. Na hango shi na so in kauce ta bayan masu kabu-kabu, sai na ji, "Shef!"

Yana zaune kan buhu, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma, ya rame. Ya ciro muruci daga leda ya ɓare mini da kansa, ya san ina so.

Ya ce, "An ce kun ci madatsa."

Na ce e, Kawu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kun bar wani a kwance?"

Na yi dariyar yaƙe na ce a'a. Mutum biyu muka bari a matakala ran nan, ni na ce a wuce su.

Ya ce, "Madalla. Rijiyata fa? Ka riƙa duba famfon, in aka bar shi yana tsatsa."

Wallahi maganar tana bakina. Kawu ka yafe mini, kalma nawa ce? Sai wayata ta yi ƙara, patron ne. Na ji daɗin kiran nan, ku ji fa, daɗi na ji. Na ce Kawu ana nema na, zan zo gida mu yi magana. Ya ce, "Ƙofa a buɗe take, ɗana."

Ƙafar nan da na gani a naɗe, ban ce me ya same ta ba. Yau nake jin ciwon suga ne ya daɗe yana cin sa, shi ya taɓa idon, shi ya taɓa ƙafar. An kai shi likita shekaranjiya. Ni ina nan ina rabon kayan da muka samo a madatsa.

Da aka fito da shi za a yi salla, ƙanensa ya tsaya ya ce duk wanda Seyni ya ɓata wa, don Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe, mun yafe. Ni ma bakina ya motsa. Na tsaya ina jira ko za a juya maganar, a ce wanda ya ɓata wa Seyni fa, ya zai yi? Ba a faɗin wannan a jana'iza. Aka ta da kabbara.

Bayan an rufe shi muna fitowa, wani mutum dogo da hular kwano a hannu ya tare ni. Ya ce, "Kai ne Shef Nasiru? Muryarka na gane." Mushe Abdu ne. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ya bar yaran lakwal da abokin aikinsa, ya tako moto tun daga Yelu.

Na ce ashe ka san Kawu?

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Wa ya ba ni ruwa ran da na fito daga rami? Watanni yana rakiyata. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke mana a ƙauye ya jira ni har in sami caji. Ai shi ya turo ni wurinka."

Na ce shi ya turo ka?

Ya ce, "Ƙwarai. Ya ce mini gurbi ya samu a ekip ɗin ɗansa, in yi maza in nema kafin wani ya riga ni. Na ce gurbin wa? Ya ce nasa ne, idonsa ya gaji, shi ya sauka da kansa. Ya ce ka yi ta roƙonsa ya zauna, har ka yi fushi, shi ya ƙi." Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka maka, Shef. Ba kowa ke riƙe manya haka ba."

Jama'a, da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na tsaya a ƙofar makabarta mutum yana sa mini albarka kan abin da ban yi ba, na ce amin. Amin na ce! Na sake ɓoye gaskiya, karo na nawa ke nan ban sani ba.

Daga can na wuce gidan gaisuwa. Na samu Inna Hadiza ta ɗan keɓe, na durƙusa na faɗa mata komai, ina yi ina kuka kamar yaro. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ni ban san kan wasan nan naku ba, Nasiru. Kullum faɗa nake yi masa a kai. Amma akwai ranar da ya kifa waya a kan tabarma, na kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Na ce lafiya? Ya ce reso ne babu. Ga ƴarsa a gefe tana kallon bidiyo."

Ashe ya ji ciwo. Da ina lallashin kaina cewa Kawu ai bai ɗauki wasa da zafi ba.

Na ce Inna, ki yafe mini. Ta ce, "Nawa na yafe. Nasa ba ni ke da shi ba. Abin da zan iya ce maka, ban taɓa jin ya kira sunanka da ɓacin rai ba, ko a gadon likita. Lambarka ma shi ya sa aka rubuta mini, ya ce in wani abu ya faru kai za a fara kira."

Shi ya sa nake wannan rubutu. Mushe Abdu, ka karanta da kyau, da ku ƴan ekip da kuka san gaskiya kuka yi shiru don kuna ganin girmana. Kawu Seyni bai sauka da kansa ba. Ban roƙe shi ya zauna ba. Ni na ci masa mutunci a gurup, ni na cire shi, saboda ya koma ɗauko wanda ya faɗi, abin da ya yi mini ban san sau nawa ba lokacin da ban iya komai ba. Ya rufa mini asiri har ya shiga kabari, amma ba zan ci gaba da karɓar addu'ar mutane da ƙarya ba.

Na san wani zai ce wasa ne fa, don me duk wannan? Ni ma da haka na kwantar da hankalina. Amma mutumin da mota ta tsaya masa, ido na tafiya, ƙafa na ciwo, wuri guda ya rage masa inda in ya shiga ana ce masa ga Mai Ruwa ya zo. Nan na rufe.

Na ajiye shugabancin, ku zaɓi wanda kuka ga dama. Roƙona ɗaya, kada a rushe rijiyar nan ko da za a sake tsarin sansani, kuma a riƙa duba famfon.

Ban san yaushe zan iya sake buɗe wasan ba. In na buɗe, a bakin rami za ku same ni.

Gobe in Allah ya kai mu zan kai randa bakin kogi, daidai inda yake zama kan buhunan albasa, in riƙa cika ta. Masu lodi, masu jirgi, fasinja, duk wanda ƙishi ya kama ya ɗiba. In an tambaye ku ta wa ce, ku ce ta Kawu Seyni ce, ba sayarwa yake ba. Ladan Allah ya kai masa.

Ya Allah, bawanka Seyni ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi fiye da yadda idonsa ya dushe a duniya. Yadda ya shayar da mutane bai tambayi sunansu ba, ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yadda ya rufa mini asiri, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka ba Inna Hadiza da ƴaƴansa haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce da alamar kuka kawai. Ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka kira sunansa, Seyni.

In da sauran addu'a a bakinka, ka roƙa mini Allah ya sa ran da ya ce mini ƙofa a buɗe take, ya riga ya yafe.